Hoton wata a salula: yadda ake ɗaukarsa, da yadda za mu gane na gaskiya a daren duban wata



Duk ranar 29 ga Sha'aban ko 29 ga Ramadan, da zarar an sallame Magariba, salula ba ta ƙara hutawa. Hotuna ne ke ta shigowa ta WhatsApp da Facebook, kowanne da rubutu a ƙasa: an ga wata a wuri kaza. Wanda ke Abijan ya turo wa na gida, na gida ya tura wa wanda ke Tamanrasset, kafin Lisha hoto ɗaya ya zagaye dangi kaf. A kan irin wannan hoto wani magidanci zai ce a ɗora tukunyar sahur, wani ya ce a kama kaji gobe Sallah, maƙwabcinsa kuma ya ce shi sai ya ji daga hukuma. Wata shekarar har gida ɗaya sai ya rabu biyu, wasu na azumi wasu na cin tuwon Sallah.

Kaso mai yawa na wannan ruɗani yana da magani, kuma maganin shi ne sanin watan kansa. Wanda ya san inda jinjirin wata ke tsayawa, da yadda yake kwanciya, da iyakar abin da kyamarar waya za ta iya, da wuya a ruɗe shi da hoto. Kuma da wannan sanin ne shi ma zai ɗauki hoton da zai yi alfahari da shi. To, bari mu bi abin daki-daki.

Shi kansa watan

Wata ba shi da wutar kansa. Hasken rana ne ke sauka a kansa ya dawo mana, kamar yadda bangon da aka shafa wa farar ƙasa ke haskaka tsakar gida da hantsi. Ƙasar wata ma ba fara ba ce, toka-toka ce mai duhu, kusan launin tsohuwar kwalta. Baƙin sama da ke kewaye da shi ne ke sa mu gan shi fari fat.

Tsakaninmu da shi, a matsakaici, kilomita dubu 384 da 400 ne. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, ke nan sai mutum ya yi wannan tafiyar kusan sau 580. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai, ba hutun direba, za ta shafe kwana 160 a hanya. Haske kuwa daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori ya ishe shi.

Faɗin wata kilomita 3,474 ne, ya ɗan ɗara kashi ɗaya bisa huɗu na faɗin duniya. Da yake ƙarami ne, ƙarfin da yake jan abu da shi zuwa ƙasa kashi ɗaya ne bisa shida na namu. Buhun gero mai tiya 40, in an kai shi can, a kafaɗa za a ji shi kamar tiya 7. Babu iskar shaƙa, babu ruwan sama. Da rana zafi na haura digiri 100, mu da ke kukan 45 a bazara. Da dare kuma sanyi na sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 100. Saboda babu iskar da za ta share, sawun takalmin Neil Armstrong, Ba'amurken da ya fara taka wata a Yulin 1969, yana nan har yau. Mutum 12 ne suka taka shi tsakanin 1969 da 1972.

Baƙaƙen tabban da muke gani a fuskarsa filaye ne shimfiɗaɗɗu, inda narkakken dutse ya malala ya daskare tun shekaru fiye da biliyan 3. Sauran jikin kuwa duk ramuka ne da duwatsun sama suka haƙa da suka faɗo masa. Akwai wani da ake kira Tycho, mai faɗin kilomita 85, kwatankwacin nisan Maraɗi zuwa Agiye, wanda fararen layuka ke fita daga gare shi a daren 14. Wasu ramukan sunayen malaman Musulunci na da suke ɗauke da su: Albiruni, Alkhawarizmi, Albattani, da Ibnul Haisam, malamin da ya rayu a Alƙahira shekaru kusan 1000 da suka wuce, wanda ya yi rubutu a kan hasken wata da kuma yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar ɓula ya zana hoto a bango. A kan wannan ilimin aka gina kyamarar da ke aljihunmu.

Kuma kullum fuska ɗaya yake nuna mana. Ku ɗauki yaron da ke zagaya rumbu yana fuskantarsa: rumbun ba zai taɓa ganin ƙeyarsa ba. Haka wata yake da duniya. An fara ɗaukar hoton wata mai kyau a 1840, a birnin New York, ta hannun wani masani John Draper, amma ɗan'adam bai ga bayan wata ba sai a Oktoban 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya zagaya ya aiko da hoto.

Dalilin 29 da 30

Kullum rabin wata ne rana ke haskawa. Abin da ke sauyawa shi ne gefen da mu muke kallo. Idan wata ya shiga tsakaninmu da rana, ɓangaren da ke da hasken yana kallon can, mu sai duhu. Wannan lokacin masana falaki ke kira haihuwar wata. Daga nan sai ya riƙa matsawa gabas kaɗan-kaɗan: jinjiri, rabi a kwana 7, cika a daren 14 ko 15, sannan ya fara raguwa har ya ɓace.

Daga haihuwa zuwa haihuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Tunda ba a ƙirga rabin kwana, sai wani wata ya zo da 29, wani da 30. Wata 12 sun ba da kwana 354, sun gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi ke ja baya kowace shekara, yana zagaya damina da rani da bazara cikin shekaru kusan 33. Dattawan da suka yi azumi cikin zafin Afrilu da Mayu a 1987 zuwa 1990, su ne suka sake haɗuwa da shi a 2020 zuwa 2023. A waɗannan shekarun kuma ya gangaro Fabrairu da Maris, lokacin da hazo bai gama sauka ba, kuma wannan na ƙara wahalar dubansa.

Abu ɗaya da mai ɗaukar hoto zai riƙe: kowace rana wata na jinkirta fitowa da wajen minti 50. A daren 14 yana ɓullowa gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa yamma. A daren 17 sai bayan Lisha.

Me ya sa waya ke mayar da shi ɗigon fari?

Kowa ya taɓa gani. Wata ya fito tangararan, farin wata sha kallo, ka ɗaga waya ka danna, sai ka ga wani ɗan farin abu kamar fitilar babur daga nesa. Dalili biyu ne.

Na farko, wata ƙarami ne a sama fiye da yadda ido ke raya mana. Ku miƙe hannu, ku rufe ido ɗaya: kan ƙaramin yatsa ya isa ya rufe shi ruf. Ko lokacin da yake fitowa ta bayan itatuwa yana kamar faifai, yatsan nan dai zai rufe shi. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙara masa girma don ta gan shi kusa da abubuwan da ta sani. Kyamarar waya kuwa an yi ta ne don ta kwashi fili mai faɗi, taron biki ko kasuwa. A hoton da faɗinsa ke da ɗigo 4,000, rabon wata bai wuce ɗigo 30 ba.

Na biyu, waya na duba sama ta ga duhu ya yi yawa, sai ta buɗe idonta ta daɗe tana zuƙar haske. Wata kuwa abu ne da rana ke duka tsaye, kamar fili da tsakar rana. Sai hasken ya yi masa yawa, tabbansa su ɓace. Maganin ke nan: a ɗauke shi kamar hoton rana, ko da dare ne.

Yadda za a yi

A fara da goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Ƙura da maiƙon hannu su ke sa hasken ya yi wutsiya.

A kashe walƙiyar waya, a kashe tsarin hoton dare. Duka biyun ɓata hoton wata suke yi.

A kafa waya. Hannu komai ƙarfinsa yana rawa. Wanda ba shi da mariƙi mai ƙafa uku sai ya jingina ta a kan katanga, ko turmin da aka kife, ko gefen amalanke, ya tokare ta da dutse ko buhu. A sa agogon jinkiri na daƙiƙa 3, don ko taɓawar yatsa na girgiza hoto.

A taɓa watan a kan gilashin waya. A yawancin wayoyi, Tecno ne ko Infinix ko Itel ko Samsung, wata ƴar alamar rana za ta fito a gefe. A ja ta ƙasa a hankali har sama ta yi baƙi ƙirin, tabban wata su bayyana. Wannan kaɗai ya kan sauya hoto gaba ɗaya.

Wanda wayarsa ke da wurin da aka rubuta Pro, ya shiga. Ya sa ISO a kan 50 ko 100. Saurin ɗauka, wanda ake nunawa da harafin S, ya sa 1/250. In hoton ya yi duhu ya koma 1/125, in ya yi fari ya tafi 1/500. Saitin nisa kuma ya kai shi ƙarshe, wajen alamar dutse ko alamar 8 a kwance.

A yi hankali da jawo hoto da yatsu. A ƙananan wayoyi, jawowar yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, shi ya sa yake dagulewa. Sau 2 zuwa 4 ya isa. Wayar da ke da ido na musamman na hangen nesa ita ce za ta iya wuce haka.

Akwai dabara mai arha da ke ba da mamaki. In akwai mai tabaron hangen nesa mai ido biyu a gari, a kafa shi a kan katanga, a saita shi a kan wata, sannan a kara idon kyamarar waya a bakin inda ake leƙawa. Sai an ɗan yi haƙuri kafin su daidaita, amma in sun daidaita har ramuka za a gani.

Ga masu hoton biki da suna da ke da babbar kyamara: f/11, ISO 100, sauri 1/125, da dogon gilashi na milimita 200 ko 300, daga nan sai a gyara gwargwadon hazo.

Wane dare, wane lokaci

Mutane sun fi son daren 14, amma ramuka da duwatsu sun fi fitowa tsakanin kwana 5 zuwa 9. Manomi ya san dalili: da sassafe, rana na ƙasa-ƙasa, kowace kunya a gona da inuwarta, da tsakar rana kuwa gonar kamar an shafe ta. Haka a wata. A dubi layin da ya raba haske da duhu, nan ne inuwa ke da tsawo, nan ne hoto ke da daɗi.

Daren 13 da 14 kuma su ne na hoton gari. Wata na fitowa gabas tun sama na da sauran haske, don haka waya na iya kama shi tare da abin da ke ƙasa: gawo a gona, jerin rumbuna bayan girbi, goribar Gulbin Kaba, hasumiyar masallaci, shanu na dawowa. Sirrin shi ne a ja da baya sosai daga itacen ko ginin, sannan a jawo hoton. Sai watan ya yi girma a gefensa. Irin wannan hoton ne ɗan'uwa da ke Legas ko Kumasi ko Sabha zai gani ya ji ƙamshin gida.

Sama ta fi tsabta a daren da ya biyo bayan ruwa a damina, da kuma lokacin kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Da hunturu ya shigo, ƙura kan mayar da wata ja-ja ko ruwan ƙasa, musamman yana ƙasa-ƙasa. A lokacin sai a jira ya ɗaga sama.

Jan hankali guda biyu. Kada a saka mutane ko cikin gidan wani a hoto ba da izini ba. Sannan a garuruwanmu na kusa da iyaka, inda ake fama da matsalar tsaro, kada hoto ya kai kowa daji da dare, kuma kada a nufi wurin jami'an tsaro da kyamara. Daga ƙofar gida ma wata ɗaya ne.

Alamomin jinjirin wata na gaskiya

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Jinjirin daren farko yana da halaye da ba ya saɓawa.

Yamma yake tsayawa, ƙasa-ƙasa, kusa da inda rana ta faɗi. Siririn watan da ake gani gabas da asuba tsohon wata ne mai ƙarewa.

Ba ya daɗewa. Galibi cikin awa ɗaya bayan faɗuwar rana shi ma ya bi ta. Ke nan hotonsa na gaskiya zai zo da sauran ja ko shuɗin Magariba a sama. Hoton da ke nuna jinjiri a tsakiyar baƙar sama cike da taurari, ba na daren farko ba ne.

Cikinsa mai haske yana kallon rana, ita kuwa rana tana ƙasa. A nan ƙasarmu, ƙahonninsa sama suke kallo, kamar ƙwaryar da aka ajiye, ya ɗan karkata hagu ko dama gwargwadon lokacin shekara. Jinjirin yamma mai ƙahonni a ƙasa babu shi. A Faransa da sauran ƙasashen arewa ya kan fi miƙewa tsaye, don haka hoton da ya zo a tsaye ƙyam, a tambayi daga ina ya fito.

Tauraro ba ya shiga cikin ƙahonninsa. Wata dunƙulalle ne. Ɓangaren da ba ya haske yana nan, yana tare duk abin da ke bayansa. Zara matar wata ta kan zo kusa da shi, hoto ya yi kyau, amma a gefe take tsayawa. Wani lokaci ma a kwana 2 ko 3 za a ga sauran jikin watan yana ɗan haske dishi-dishi. Hasken duniyarmu ne ke komawa kansa.

Siriri ne ƙwarai, kamar zare. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da awa 15 da rabi da haihuwa, kuma ƙwararre ne ya gan shi a sama mai tsabta. A hazo irin namu yawanci sai ya haura haka sosai. Shi ya sa wayar hannu, ba tare da tabarau ba, da wuya ta kama jinjirin ranar 29. In ta kama, ɗan siririn layi ne sai an ƙura ido. Hoto mai kauri, mai kyau kamar na kalanda, shi ne abin tuhuma.

A ɗaya gefen kuma, idan an cika 30, watan da zai bayyana na iya kai awa 35 ko 40, sai ya fito da kauri ya kuma daɗe. Nan ne ake jin "ai wannan na kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya". Kaurin nan bai nuna an yi kuskure ba, kuma malamai sun daɗe suna faɗar cewa girman jinjiri ba hujja ba ne.

Abin da ya faru a 2024

Da yawanmu na tune da ƙaramar Sallar 2024. Mu a Nijar mun yi ta ranar Talata 9 ga Afrilu, ƴan'uwanmu na Najeriya da Saudiyya suka yi Laraba 10. A ranar Litinin ɗin da aka yi duban, 8 ga Afrilu, an yi kusufin rana cikakke a Meziko da Amurka da Kanada. Kusufin rana shi ne wata ya ratsa daidai gaban rana, wato haihuwar wata ce da kowa ke iya gani. A agogonmu haihuwar ta faɗa wajen ƙarfe 7 da minti 20 na dare, rana kuwa ta faɗi a Maraɗi tun wajen 7 saura kwata.

Hukuncin tsayuwar wata na malamai ne da hukuma, ba hurumin gidan rediyo ba ne. Amma a kan hoto muna iya magana da ƙarfi: duk hoton jinjiri mai kauri da aka ce an ɗauka a yammacin wannan Litinin, na wani dare ne dabam. Tsohon hoto ba ya tsufa a intanet; duk shekara ana iya sauya masa sunan gari.

Ko waya da kanta na iya ƙara gishiri. A Maris 2023 an yi ta muhawara a duniya kan wasu wayoyin Samsung masu fitar da hoton wata tsaf, har kamfanin ya fito ya yi bayanin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke gane wata, ta ƙara masa kaifi. Ga hoton ado babu laifi. Ga shaida kuwa, a kashe irin wannan tsari.

Na'ura kuma na iya ganin abin da ido ba zai taɓa gani ba. Ranar 8 ga Yulin 2013, wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault ya ɗauki hoton wata da rana, daidai lokacin haihuwarsa, da madubin hangen nesa da matatar haske ta musamman. Hoton na gaskiya ne, amma babu idon da ya ga wannan watan. Kun ga ke nan, ko hoto na gaskiya sai an tambayi yaya aka ɗauke shi, sannan malamai su faɗi matsayinsa.

Wanda ya gani, me zai yi?

Sunna ita ce a yi azumi da ganin wata, a sha ruwa da ganinsa, in an kasa gani a cika 30. A Nijar, Majalisar Musulunci ta ƙasa ce ke tattara shaidu daga jihohi, sannan a sanar ta Muryar Sahel da Tele Sahel. A Najeriya kuwa fadar Sarkin Musulmi da ke Sakkwato ce ke sanarwa. Wanda Allah ya nuna wa wata a Gangara ko Tibiri ko Cadakori, hanyarsa ita ce liman da mai gari, su kai ga sarki da prefe. Ya nuna wa na kusa da shi tun watan na sama, don shaidar mutum biyu ko uku ta fi ta ɗaya.

In zai ɗauki hoto, ga abin da zai sa a yarda da shi. Ya kafa waya, ya ɗaga ISO zuwa 200 ko 400, ya rage sauri zuwa wajen 1/30, tunda jinjiri ba shi da hasken daren 14. Ya haɗa da ƙasa a cikin hoton, itace ko ginin da ƴan gari suka sani. Ya ɗauki da yawa, ya ƙara da ɗan bidiyo yana faɗar gari da rana da lokaci. Kada ya yanke, kada ya gyara. Wajen turawa, ya tura shi a matsayin takarda, domin WhatsApp na goge bayanan rana da lokaci da ke ɓoye cikin hoto in an tura shi ta hanyar da aka saba.

Wanda kuma hoto ya shigo wa, kafin ya tura gaba ya yi tambaya uku: wa ya ɗauka, a wane gari, ƙarfe nawa? In amsar ita ce "ni ma turo mini aka yi", to ya tsaya a nan.

Ƴan'uwa na nesa, ku kuma ku tuna faɗuwar rana ba lokaci ɗaya ba ce. Tana faɗuwa a Makka wajen awa 2 kafin Maraɗi. Ko tsakanin Gazawa da Gidan Rumji akwai wajen minti 5. Duk yadda aka matsa yamma, wata na ƙara samun lokacin girma kafin Magariba. Saboda haka a kasa gani a gabas a gani a yamma, abu ne mai yiwuwa. Kowa ya bi sanarwar hukumar ƙasar da yake zaune, a bar zargin juna a zauren dangi.

In wata ya yi zazzaɓi

Husufin wata a tsakiyar wata kawai yake faruwa, daren 14 ko 15, idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata inuwarta ta rufe shi. Yara su fito da gwangwanaye suna cewa rana ta kama wata, manya su nufi masallaci. Jan da yake yi hasken rana ne da ya ratso ta iskar duniya, irin jan Magariba. Na ranar 27 ga Yulin 2018 ya yi awa 1 da minti 43 a rufe, shi ne mafi tsawo a wannan ƙarni. Na 7 ga Satumban 2025 kuma a rufe watan ya fito mana da Magariba. Kallonsa ba ya cutar da ido. Wajen hoto, tunda hasken ya ragu ƙwarai, sai a kafa waya da kyau, a ɗaga ISO zuwa 800, a bar ta ta zuƙi haske na rabin daƙiƙa ko ɗaya.

Kusufin rana kuwa, irin wanda ya duhunta jiharmu da hantsin Laraba 29 ga Maris 2006, a ƙarshen wata yake zuwa, kuma shi haɗari ne. Ba a kallon rana da ido, ko da baƙin tabarau na kasuwa, balle ta tabaron hangen nesa. Yana iya ƙona ido har abada. Masu duban jinjiri da tabarau su ma su jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Kada a jira sai daren 29. A gwada tun kwana 3, kwana 7, daren 14, a saba da waya, a saba da inda rana ke faɗuwa a garinku. Malaman makaranta da na allo su fito da yara su nuna musu. Wanda ya samu hoto mai kyau ya aiko mana, da sunan garinsa da kwanan watan, za mu sa shi a wannan shafi don na nesa su gani. Allah ya nuna mana watan alheri lafiya, ya haɗa kanmu.